Dashen Haƙori: Ƙarfen da ke Jikin Wayarka Shi Ake Dasawa a Muƙamuƙi

 Darasinmu na yau zai ɗan kauce daga waya da manhaja, amma ba zai yi nisa ba, domin kafin mu gama za ka ga ba mu fita daga gidan na'ura ba.

Ga abin da ya jawo shi. Ina da wani aboki mai gyaran waya da ya faɗi a kan babur shekara biyu da suka wuce, haƙoransa biyu na gaba a sama suka fita. Tun daga lokacin yake sa haƙorin roba, irin wanda ake cirewa da dare a jiƙa a kofi. In ana ɗaukar hoto bakinsa a rufe yake, in an sayo tsire sai ya ce ya ƙoshi. Kwanan baya ya turo min wani bidiyo daga TikTok: mutum ya shiga asibiti da safe da wawulo, ya fito da yamma da haƙora farare tas. Sai ya rubuto a ƙasa, "Malam, wannan gaske ne ko haɗin AI ne? In gaske ne babur ɗina zan sayar."

Gaske ne. Sai dai bidiyon daƙiƙa 40 ya haɗiye watanni da yawa bai nuna su ba, kuma waɗannan watannin su ne ainihin aikin. Don haka kafin wani ya sayar da babur, bari mu warware abin daki-daki.

Mene ne dashen haƙori?

Haƙori kashi biyu ne. Akwai farin da muke gani in mutum ya yi murmushi, akwai kuma saiwa da ke binne a cikin ƙashin muƙamuƙi, ƙarƙashin dasashi. Saiwar ta fi abin da ake gani tsawo.

Haƙorin roba saman kawai yake mayewa. Yana zaune ne a kan dasashi, shi ya sa yake motsi in ana magana ko tauna. Akwai wata hanya da ake kira gada, inda likita zai fere haƙora biyu da ke gefen giɓin ya ɗora musu haƙora uku a manne da juna. Tana aiki, amma an taɓa lafiyayyun haƙora biyu saboda guda ɗaya. Shi kuwa haƙorin Makka da alhazanmu ke dawowa da shi, hula ce kawai ake sa wa haƙorin da yake nan daram.

Dashe, wanda a asibiti za ka ji ana ce masa imfilant, shi kaɗai ne yake maye saiwar. Abu uku ne a haɗe. Na farko ɗan noti na ƙarfen titaniyam da ake murɗawa cikin ƙashi, kaurinsa yawanci milimita 3 zuwa 5, tsawonsa kuma wajen milimita 8 zuwa 14, wato bai fi gaɓar ƙaramin yatsa ba. Na biyu mahaɗi, ɗan ƙarfen da ake ɗaurawa a kan notin ya leƙo ta cikin dasashi. Na uku hula, wato farin haƙorin da mutane za su gani, wanda ake yi da tangaran ko wani abu mai tauri da ake kira zirkoniya.

Zomon da ya ƙi sakin ƙarfe

Wanda ke bin labarin wayoyi ya san titaniyam. A 2023 kamfanin Apple ya fitar da iPhone 15 Pro da firam na titaniyam, a farkon 2024 Samsung ya biyo baya da Galaxy S24 Ultra. An yi ta talla cewa ƙarfe ne mai ƙarfi marar nauyi, irin na jirgin sama. Amma likitocin haƙori sun riga masu waya gano shi da kusan shekara 60, kuma ba ƙarfinsa ne ya fi burge su ba.

A 1952 wani matashin likita ɗan ƙasar Suwidin mai suna Per-Ingvar Branemark yana binciken yadda jini ke gudana a cikin ƙashi. Sai ya dasa wasu ƙananan bututu na titaniyam masu gilashin leƙe a ƙashin ƙafar zomaye don ya riƙa kallon abin da ke faruwa a ciki. Da ya gama bincikensa ya zo cire kayansa, sai suka ƙi fita. Ƙashin ya manne da ƙarfen kamar tare aka halicce su. Wani da haushin asarar kayan aiki zai tsaya. Shi kuwa sai ya fara tambayar dalili.

Ya shafe fiye da shekara 10 yana gwaji kafin ya taɓa ɗan Adam. A 1965, a birnin Gotenbag, ya dasa noti huɗu a muƙamuƙin ƙasa na wani mutum mai suna Gosta Larsson, wanda aka haifa da nakasar muƙamuƙi kuma ba shi da haƙora a ƙasa. Mutumin ya ci abinci da su har ya rasu a 2006, sama da shekara 40 ke nan. Duk da haka likitocin haƙori na ƙasarsa sun daɗe suna yi wa aikin kallon shirme, musamman da yake Branemark ba likitan haƙori ba ne. Sai a wani taro da aka yi a birnin Toronto na Kanada a 1982 duniya ta karɓi abin hannu biyu.

To mene ne sirrin? Da zarar titaniyam ya haɗu da iska, nan take wata fata siririya ke rufe shi, wadda kaurinta bai wuce 'yan nanomita ba, ma'aunin nan da muke ji a batun furosesar waya. Wannan fatar ba ta tsatsa kuma ba ta tayar wa jiki hankali. In ka sa ƙusa ta gama-gari a ƙashi, za ta yi tsatsa, jiki ya kewaye ta da wata tsoka mai laushi yana neman korar ta, a ƙarshe ta yi lako-lako. Titaniyam kuwa ƙwayoyin da ke gina ƙashi suna zuwa su zauna a kansa su yi gininsu kai tsaye. Shi ya sa kamfanoni ke gurza jikin notin da yashi da sinadari mai ci ya zama yana da kaushi, don ƙashi ya sami wurin kamawa, kamar yadda magini ke sassaƙa bango kafin ya yi filasta.

Bambanci ɗaya da na waya: titaniyam ɗin firam ɗin iPhone gauraye yake da alminiyam da banadiyam, shi ake kira daraja ta 5. Yawancin notin da ke shiga ƙashi kuwa tsantsa ne, daraja ta 4.

Tunanin ma ba sabo ba ne. A 1931 an tono wani muƙamuƙi a ƙasar Honduras, na mutanen Maya, mai kimanin shekara 1,300, da gutsattsarin ɓawon wata halittar ruwa guda uku a gurbin haƙoran gaba. Da farko an ɗauka bayan mutuwa aka sa su. Da aka ɗauki hoton ƙashin shekaru bayan haka sai aka ga ƙashi ya tsiro ya kama su, alamar mai su na da rai aka yi aikin.

Ƙashi ba ya jira

Wannan shi ne ɓangaren da nake so mai karatu ya riƙe ko da ya manta sauran.

Ƙashin da ke riƙe da haƙori yana nan ne saboda haƙorin. Duk lokacin da ka tauna abu, saiwa na danna ƙashin, shi kuma jiki ya fahimci ana buƙatar wurin, ya ci gaba da gina shi. Ranar da haƙori ya fita, saƙon ya yanke, sai jiki ya fara kwashe ƙashin a hankali. Wani bincike da aka wallafa daga ƙasar Denmak a 2003 ya auna gurbin haƙoran tauna bayan an cire su, ya gano faɗin ƙashin yana raguwa da kusan rabi cikin wata 12, kuma kashi biyu cikin uku na wannan raguwar a wata ukun farko take faruwa.

Haƙorin roba ba ya hana wannan, tunda bai shiga ƙashi ba. Shi ya sa wanda ya zauna daidai bara yake kwance bana, ba robar ce ta buɗe ba, ƙasan ne ya zaizaye. Shi ne kuma dalilin da ya sa za ka ga bakin tsohon da ya daɗe ba haƙora ya lotsa ciki, haɓarsa ta matso kusa da hanci. Ban da haka, haƙoran gefe suna karkatowa cikin giɓin, na sama ko na ƙasa da ke fuskantar giɓin ya riƙa zazzagowa tunda ba abin da yake tare shi.

Ma'anar wannan ga matashi mai giɓi ita ce, duk shekarar da ta wuce aikin na ƙara wuya da tsada. In ƙashin ya sirance da yawa, dole sai an yi masa ciko tukuna, da garin ƙashi na musamman ko ɗan yanki daga jikin mutum, a jira watanni ya kama kafin a zo batun noti. Ko ba ka da kuɗin dashe yanzu, ranar da za a cire maka haƙori ka gaya wa likita kana da niyyar yi nan gaba. Akwai cikon da ake iya zubawa a ramin tun a ranar don a rage zaizayar.

Inda kwamfuta ta shigo

A da likita na dogaro ne da hoton ƙashi mai fuska ɗaya da kuma gwanintar hannunsa. Matsalar ita ce muƙamuƙi ba fanko ba ne. A na ƙasa akwai wata babbar jijiya da ke ratsa cikin ƙashin, ita ke ba leɓen ƙasa da haɓa ji. In aka huda ta, mutum na iya zama da mataccen leɓe na watanni, wani lokaci har abada. A na sama kuma akwai kogon iska a gefen hanci, daidai saman haƙoran tauna. Tazarar da likitoci ke bari tsakanin noti da waccan jijiya milimita 2 ce kacal. Aikin ido kaɗai a irin wannan wuri kasada ne.

Yanzu matakin farko shi ne na'urar CBCT, wadda ta fara fitowa a ƙarshen shekarun 1990. Za ka tsaya ko ka zauna, hannun na'urar ya kewaya kanka sau ɗaya cikin ƙasa da minti guda, ya ɗauki ɗaruruwan hotuna, kwamfuta ta harhaɗa su ta fitar da muƙamuƙinka a siffar 3D. Likita zai iya juya shi a allo, ya yanka shi ta ko'ina, ya auna kaurin ƙashi da inda jijiya ta bi.

Sai sikanar baki. Wadanda suka taɓa yin haƙorin roba sun san wahalar ƙullun nan da ake cusa wa mutum a baki don a ɗauki zubi, mai tayar da zuciya. Sikana ta maye gurbinsa a asibitocin da suke da ita. Sanda ce kamar babban alƙalami mai kyamara a kai, ana zagayawa da ita a kan haƙora tana ɗaukar dubban hotuna, siffar bakin na bayyana a allo nan take. Dabarar ta yi kama da ta Face ID, inda waya ke haska fuska ta auna zurfi da tudu.

Daga nan sai manhaja ta ɗora hoton sikana a kan na CBCT. Likita ya fara zana inda haƙorin ya kamata ya tsaya, sannan ya koma baya ya saita notin a ƙarƙashinsa, ya zaɓi tsawo da kauri da kusurwa. An gama tiyatar a kwamfuta kafin a taɓa mutum. Sai a tura fayil ɗin ga firinta mai 3D ta buga wani ɗan murfi na roba mai tauri da ke hawa kan haƙora ɗaf, da rami a daidai inda za a huda. Na'urar huda ba ta da hanyar bi sai ta wannan ramin.

Ranar aikin, allurar kashe zafi ake yi a wurin, mutum idonsa biyu. Ana huda ƙashin a hankali, daga siririn baki zuwa mai kauri, ana feshin ruwan gishiri mai sanyi ba tsayawa. Dalilin ruwan shi ne zafi: an tabbatar tun shekarun 1980 cewa in ƙashi ya kai digiri 47 na tsawon minti ɗaya, ƙwayoyinsa na mutuwa, kuma mataccen ƙashi ba ya kama noti. Mu da muke kuka in waya ta kai digiri 45 a caji mun san wannan ba wani zafi ne mai nisa ba. Noti ɗaya ba ya cika wuce awa guda.

Sai jira. Tsarin Branemark na asali wata 3 ne a muƙamuƙin ƙasa, wata 6 a na sama saboda ƙashinsa ya fi taushi. Notin zamani masu kaushi sun rage wannan a wurin mutane da yawa, amma har yanzu maganar watanni ake yi. Bayan ya kama sai a sake sikanin, kwamfuta ta zana hular, wata na'ura ta sassaƙo ta daga dunƙulen zirkoniya. Wannan dabara ta sassaƙa haƙori da kwamfuta a Jami'ar Zurik ta Siwizalan aka fara gwada ta a kan majiyyaci a 1985, da na'urar da ake kira CEREC.

Mutum-mutumi ma ya shigo. A 2016 hukumar FDA ta Amurka ta amince da wani mai suna Yomi, wanda ke riƙe hannun likita ya hana shi kaucewa daga zanen da aka yi. A 2017 kuma a birnin Xi'an na Chaina wani mutum-mutumi ya dasa wa wata mata noti biyu da kansa, likitoci na tsaye suna kallo. A ganina waɗannan labarai ne masu daɗin ji, amma kada su ruɗe ka. Gogaggen likita da hoton CBCT mai kyau ya fi sabon shiga mai tarin na'urori.

To batun haƙori a rana ɗaya fa?

Ana yi. In ƙashi na da kauri kuma notin ya ɗauru tamau tun ranar farko, likita na iya ɗora masa haƙori nan take. Abin da bidiyo ba ya faɗa shi ne wannan haƙorin na wucin gadi ne, an rage masa tsawo don kada ya taɓa abokin taunarsa, kuma mai shi zai yi makonni yana kan kunu da fate da abinci mai laushi. In notin ya riƙa motsi a lokacin da ƙashi ke ƙoƙarin kama shi, ko da motsin da ido ba ya gani ne, tsoka ce za ta kewaye shi maimakon ƙashi, aikin ya lalace. Haƙorin dindindin sai bayan watanni.

Sannan da yawa daga bidiyoyin fararen haƙora da ke yawo, musamman na masu zuwa Turkiyya, ba dashe ba ne sam. Lafiyayyun haƙora ake ferewa su zama kamar tsinke a ɗora musu huluna. Abin da aka fere ba ya dawowa. Turkiyya na da ƙwararrun likitoci, ba ƙasar nake kushewa ba. Tambayar da ya kamata mai tafiya waje ya yi wa kansa ita ce, in abu ya kwance bayan wata 8, wa zai duba shi a gida?

Ga masu haƙorin roba na baki gaba ɗaya

Wannan ya fi shafar iyaye da kakanni, kuma sau da yawa mu ne masu waya a hannu da ake cewa mu bincika musu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2022 cewa kusan kashi 23 cikin 100 na mutanen da suka kai shekara 60 ba su da haƙori ko ɗaya.

Ba sai an dasa noti 14 a muƙamuƙi ɗaya ba. Hanya mafi sauƙi ita ce noti biyu a gaban muƙamuƙin ƙasa, masu kai kamar maɓallin riga na ƙarfe, haƙorin roba ya hau kansu ya kama ɗaf. Ana cire shi a wanke, amma ba ya zamewa ana tsakiyar magana. A 2002 wani taron ƙwararru a Jami'ar McGill ta Kanada ya ba da shawarar wannan ya zama zaɓin farko ga wanda ba shi da haƙoran ƙasa. Akwai kuma tsarin All-on-4 da likitan Fotugal Paulo Malo ya shahara da shi, inda noti huɗu ke ɗaukar jerin haƙora gaba ɗaya a kafe, likita kaɗai ke iya kwancewa. Ya fi kama da na halitta, ya kuma fi tsada nesa ba kusa ba.

Wa ya kamata ya dakata?

Na farko, wanda bai gama girma ba. Noti in ya kama ƙashi ba ya motsi, alhali muƙamuƙin yaro na ci gaba da girma da sauran haƙoransa. In aka dasa wa ɗan shekara 14, bayan 'yan shekaru haƙorin zai koma gajere a tsakanin 'yan'uwansa. Yawanci ana jira sai an wuce 18, ga maza ma wani lokaci sai an shiga 20 da wani abu.

Na biyu, mai shan taba, kuma shisha na ciki, duk ƙamshin tufa ko na'ana'ar da aka sa mata. Hayaƙi na takure hanyoyin jini a dasashi, rauni ya ƙi warkewa da wuri, kuma dashe ya fi lalacewa a bakin masu sha. Mai ciwon suga zai iya yi in sugansa na kan saiti. In ba ya kan saiti sai an daidaita shi. Mai ciwon dasashi, irin wanda ke zubar da jini in an goge baki, sai an magance shi tukuna, don ƙwayoyin cutar da suka kayar da haƙorin farko za su kayar da na biyu. Mai sikila, da wanda aka taɓa gasa wa kansa a kai ko wuya, da mai shan maganin ƙarfafa ƙashi ko na tsinka jini, duk su faɗa wa likita tun a zaman farko.

Bayan an dasa

Titaniyam ba ya ruɓewa, tsutsa ba ta cin zirkoniya. Wannan ne ke sa wasu su saki jiki. Amma dasashi da ƙashin da ke kewaye da notin naka ne, kuma suna kamuwa. In datti ya taru a wuyan dashen, dasashi zai kumbura, daga nan ƙashin ya fara narkewa a kewayen notin, sau da yawa ba tare da ciwo ba har sai abu ya yi nisa. Buroshi da makilin sau biyu a rana, da zare ko ɗan siririn buroshin da ke shiga tsakanin haƙora, da ganin likita aƙalla sau ɗaya ko biyu a shekara. Asuwaki na da kyau, amma ba ya shiga lungun da ke ƙarƙashin hula.

Akwai wani bambanci kuma. Tsakanin saiwar halitta da ƙashi akwai wasu zaruruwa masu laushi da ke aiki kamar shokozoba, su ne kuma ke sanar da kai ka taka tsakuwa a shinkafa kafin ka danna. Dashe ba shi da su, a kafe yake kai tsaye. Don haka gwaguyar goruba, fasa ƙashi, ɓare rake da haƙorin gaba, da buɗe kwalbar lemo da baki, duk a yi musu bankwana. In an kula, bincike da dama sun nuna kusan 95 cikin 100 na dashe na nan suna aiki bayan shekara 10. Hular ce ta fi saurin gajiya, ita kuma ana canja ta ba tare da an taɓa notin ba.

Tambayoyin da abokina ya jero min: a'a, ba ya jan sabis kuma ba ya taɓa Bluetooth. Maganaɗisu ba ya kama titaniyam, don haka ana shiga na'urar MRI da shi, sai dai a sanar da ma'aikatan. Ƙofar bincike ta filin jirgi ma ba ta cika kula da ɗan abu kamar wannan ba.

Kuɗi, da katin da za ka nema

Dashe na da tsada a ko'ina. A Amurka haƙori ɗaya da hularsa yakan kama dala 3,000 zuwa 5,000. A Najeriya kayan duk daga waje ake shigo da su, don haka farashin na bin dala kamar yadda na waya ke bi. In an faɗa maka kuɗi, tambayi abin da ke ciki: hoton CBCT, ciko in ana buƙata, noti, mahaɗi, haƙorin wucin gadi, hula. Wasu na faɗin kuɗin noti kaɗai, sauran su biyo baya bayan an riga an huda ka.

Ga kuma abin da duk mai waya zai gane da sauri. Ka tuna lokacin da cajar iPhone ba ta shiga Android, ta Nokia ba ta shiga Samsung? Har yau haka duniyar dashe take, ba a yi mata Type-C ba. Straumann na Siwizalan, Nobel Biocare da ya samo asali daga aikin Branemark, Osstem na Koriya ta Kudu, da ɗaruruwan wasu, kowa da irin bakin notinsa da sukundireban kwance shi. In bayan shekara 7 mahaɗinka ya kwance kana wani gari, likitan can ba zai iya komai ba sai ya san wane iri ne a bakinka. Don haka ka nemi kati ko takardar da ke ɗauke da sunan kamfani, samfuri, tsawo, kauri da lambar kayan. Ka ɗauke ta hoto ka ajiye a Google Drive ko imel ɗinka, tare da fayil ɗin CBCT. Wanda ya ƙi gaya maka sunan abin da zai binne a ƙashinka, ka ɗauki hularka ka fita.

Kuma likitan haƙori mai rajista da hukumar MDCN ne ke da hurumin wannan tiyata. Mai haɗa haƙori a ɗakin gwaji sana'arsa daban, shi ke ƙera hula da haƙorin roba, ba ya huda ƙashi. In ba ka san inda za ka fara ba, sashen haƙori na asibitin koyarwa mafi kusa da kai wuri ne mai kyau na jin shawarar farko.

Awa ɗaya da za ta iya hutar da kai duk wannan

Da abokina ya san wannan ranar da ya faɗi, wataƙila da ba a yi wannan darasi ba. Haƙorin babba da ya fita ɗungurungum da saiwarsa ana iya mayar da shi ya kama. Ka ɗauke shi ta farin saman, kada ka taɓa saiwar, domin zaruruwan nan da muka ambata suna manne a jikinta da ransu. In ya yi datti ka ɗauraye shi na 'yan daƙiƙu, ban da gogewa, ban da sabulu. In za ka iya, mayar da shi raminsa ka ciji hankici a kai. In ba za ka iya ba, jefa shi cikin madara ta ruwa, ba nono mai tsami ko yogot ba, ko ka tofa yawu a ɗan kofi ka sa shi ciki. Kada a naɗe shi a takarda ya bushe, kada kuma a jiƙa shi a ruwan sha. Sai a garzaya wurin likitan haƙori, cikin minti 30 in da hali, kada dai a wuce awa ɗaya. Wannan bai shafi haƙoran farko na ƙananan yara ba, su ba a mayar da su.

Wani zai ce ya ga labarin maganin da ke tsirar da sabon haƙori, me zai hana ya jira? Labarin na da tushe. Wani kamfanin Japan mai suna Toregem Biopharma, tare da likita Katsu Takahashi, ya fara gwajin wata allura a kan mutane a Asibitin Jami'ar Kyoto a 2024. Tana toshe wani furotin mai suna USAG-1 da ke hana ƙarin haƙora tsirowa, kuma ta yi aiki a kan ɓeraye. Amma matakin farko na gwajin duba illa ne kawai, kuma waɗanda aka fara nufa su ne yaran da aka haifa ba su da wasu haƙoran, da fatan a kai kasuwa wajen 2030. Mai giɓin babur ba ya layin gaba, ƙashinsa kuma na ci gaba da raguwa yana jira.

Shi dai abokin nawa bai sayar da babur ba tukuna. Ya je an yi masa CBCT, hoton ya nuna ƙashin gaban ya sirance, noti ba zai zauna ba sai an yi ciko. An yi cikon, an ce ya dawo bayan wata 4 a sake dubawa. A halin yanzu yana nan da haƙorin robarsa, an ɗan rarake cikinsa don kada ya danne wurin, ya jingine shisha, yana kuma zubin adashi.